Filin Kimiyya: Yatsun Tutiya, Daga Kwaɗo Har Zuwa Ɗan Adam

A wannan mako za mu duƙufa ne a kan wani ɗan ƙanƙanin abu da ke cikin jikin kowannenmu, wanda ido ba ya ganinsa, madubin asibiti ma ba ya ganinsa, amma masana sun same shi a jikin kwaɗo da ƙuda da ɓera da kaza, har ma da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Sunan da suka laƙaba masa shi ne yatsan tutiya. Abin da nake so mu bi diddiginsa shi ne, idan aka ɗauko waɗannan yatsu daga dabbobi iri-iri aka jera su wuri guda, me kamanninsu da bambancinsu ke faɗa mana? Amsar ta taɓa wata magana mai nauyi a sha'anin magani, watau yaushe ya kamata a gaskata gwajin da aka yi a kan ɓera har a ce haka abin yake a jikin mutum, yaushe kuma ya kamata a yi hattara.

Sai mu fara da tushe. Jikin mutum tarin ƙwayoyi ne ƙanana, kuma a tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda yake ɗauke da dukkan abin da muka gada daga iyayenmu. An rubuta wannan gado da haruffa huɗu kacal, amma an jera su har wajen biliyan 3, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Abin mamakin shi ne, kundin da ke cikin ƙwayar ido shi ne dai ke cikin ƙwayar hanta, ba ragi ba ƙari. Abin da ya sa ido ya zama ido, hanta ta zama hanta, shi ne kowace ƙwaya tana buɗe waɗansu shafuka ta karanta, ta bar waɗansu a rufe. Masu wannan aiki na buɗewa da rufewa waɗansu furotin ne da ke sauka a kan zaren, kowanne a wurinsa. To, ta yaya furotin zai gane wurinsa a cikin haruffa biliyan 3? A nan ne yatsun tutiya suka shigo.

Furotin kamar jigida yake, duwatsunsa su ne ake kira amino asid, kuma iri 20 ne. Yatsan tutiya wani ɗan yanki ne na jigidar mai duwatsu wajen 30, wanda yake naɗewa ya rungumi ƙwayar zarra ɗaya ta tutiya, watau ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa, wanda kuma ma'aikatan asibiti ke kira zink. Duwatsu huɗu ne ke riƙe da tutiyar, biyu ana kiransu sisteyin, biyu histidin. Idan babu tutiya yatsan sai ya warware ya zama zare lagwai-lagwai, ba ya iya kama kome. Duk tutiyar da ke jikin babban mutum ba ta wuce giram 2 zuwa 3 ba, amma dubi irin abin da aka rataya a wuyanta. Kowane yatsa yana taɓa haruffa kamar uku a jikin DNA. Haruffa uku suna iya jeruwa ta hanya 64. Idan aka haɗa yatsu uku suka karanta haruffa tara, hanyoyin sun zama 262,144. Idan yatsu shida ne, sun haura biliyan 68, watau sun ninka tsawon kundin gadonmu sau da yawa. Saboda haka furotin mai yatsu da dama yana iya nuna wuri ɗaya tak a cikin kundin, kamar yadda cikakken adireshi ke kai wasiƙa gida ɗaya a cikin birni.

A shekarar 1985 aka fara gano wannan tsari, a wani ɗakin bincike da ke Kambirij ta ƙasar Ingila. Masana uku ne suka yi aikin, Jonathan Miller da Andrew McLachlan da shugabansu Aaron Klug, mutumin da aka haifa a Lituweniya, ya tashi a Durban ta Afirka ta Kudu, ya kuma riga ya sami lambar Nobel tun 1982. Suna nazarin ƙwan wani kwaɗon ruwa ne na kudancin Afirka mai suna Xenopus laevis, domin akwai wani furotin da ake kira TFIIIA da ya yi yawa ƙwarai a cikin ƙwan. Sai suka lura jigidarsa tana maimaita kanta sau tara, kowane maimaici da tutiyarsa. Da suka zana shi a takarda sai ya yi kama da yatsu a jere, sunan kuma ya bi shi. Wannan kwaɗo yana da wani ƙaramin ɗan'uwa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, Xenopus tropicalis, wanda shi ne kwaɗo na farko da aka karanta kundin gadonsa, a 2010, kuma kwaɗuwar da aka ɗebi DNA ɗinta daga zuriyar da masana ke kira ta Nijeriya ta fito. A 1991 kuma Nikola Pavletich da Carl Pabo a Amurka suka fitar da ainihin siffar yatsu uku riƙe da zaren DNA. Daga nan aka san cewa duwatsu kamar huɗu ne kurum a kowane yatsa ke taɓa haruffan. Wannan ya ba masu kwatance abin dubawa: in kana so ka san ko furotin na ɓera da na mutum wuri ɗaya suke kamawa, sai ka duba waɗannan duwatsu huɗu a kowane yatsa, ka ga ko sun yi daidai.

Ba a jima ba aka gane cewa abin ba na kwaɗo kaɗai ba ne. Masana a Jamus suna da wani ƙudan 'ya'yan itace da tsutsarsa ke fitowa ba tsakiyar jiki, saboda lalacewar wata ƙwayar gado da suka kira Krüppel, watau gurgu da Jamusanci. A 1986 aka karanta ta, sai ga yatsun tutiya irin na kwaɗo. Aka ɗauki jerin haruffanta aka yi koto da shi a kundin ɓera da na mutum, sai aka riƙa kamo 'yan'uwanta da yawan da ba wanda ya zata.

Da aka tara su aka kwatanta, sai suka rabu gida biyu, kuma a ganina wannan rabuwa ita ce zuciyar maganar.

Gida na farko shi ne na waɗanda zamani bai taɓa su ba. Ɗauki wanda ake kira CTCF, mai yatsu 11, wanda aka fara gani a jikin kaza a 1990. A lissafin masana, zuriyar da ta kai ga kaza da wadda ta kai ga mutum sun rabu fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, amma in ka ajiye yatsun CTCF na kaza kusa da na mutum, da ƙyar za ka ga bambanci. Ƙuda ma yana da nasa, shi ma yatsu 11. Dalilin wannan tsayuwa a fili yake in an san aikinsa. Zaren DNA na ƙwaya ɗaya ya kai wajen mita 2 in an miƙe shi, kuma dole a naɗe shi a cikin wurin da ido ba ya gani, ba tare da ya cukurkuɗe ba. CTCF yana cikin masu ɗaure zaren gida-gida, yana kuma sauka a wurare dubu goma-goma. In yatsa ɗaya ya sauya, duk waɗannan wurare sun ɓace masa a lokaci guda. Ɗan tayin ɓeran da aka cire wa CTCF ba ya wuce kwanakin farko. Sauyin da ke kashe mai shi tun yana ciki ba ya samun hanyar zuwa ga jikoki, shi ya sa yatsun suka zauna yadda suke.

Haka kuma dangin da ake kira GLI, masu yatsu biyar. A jikin ƙuda, in ɗan wannan dangi ya sami tangarɗa, wata jijiya ta fiffike ce ke katsewa. A jikin ɓera, lalacewar GLI3 tana sa a haife shi da ƙarin yatsun ƙafa. A jikin mutum kuma, an tabbatar a 1991 cewa lalacewar GLI3 ce ke kawo wata larura da ake kira ta Greig, inda ake haihuwar yaro da ƙarin yatsu ko yatsu a manne, da faɗin goshi. Watau yatsan tutiya yana cikin masu ƙidaya yatsun hannu. Ba kowane cindo ne ke da wannan dalili ba, kada mai karatu ya tsorata ɗansa, amma abin lura shi ne ɓera da mutum sun nuna alama iri ɗaya daga ƙwayar gado ɗaya.

Amfanin wannan gida na farko ya taɓa mu kai tsaye ta wajen ciwon sikila, wanda babu ƙasar da ake haihuwar yara da shi kamar Nijeriya. Jariri a ciki yana da wani irin sinadarin jan jini na daban, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki yakan rufe shi a hankali ya buɗe na manya, shi ya sa ciwon ba ya cika bayyana sai yaro ya yi wajen wata shida. A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa mai rufe ƙofar wani furotin ne mai yatsun tutiya, sunansa BCL11A. Da yake na ɓera da na mutum sun yi kama ƙwarai, sai aka gwada a kan ɓerayen da aka sa wa ciwon sikila, kuma a 2011 aka ba da labarin cewa da aka kashe BCL11A a ƙwayoyin jininsu, jinin jarirai ya dawo, ciwon kuma ya lafa. Wannan hanya ce aka bi har aka kai ga maganin Casgevy, wanda Biritaniya ta amince da shi a watan Nuwamba na 2023, Amurka kuma a Disamba. Ba na so in sa wa kowa rai a banza. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma sai an ɗebi ƙwayoyin ɓargon mutum, an gyara su, an ba shi magani mai ƙarfi na share tsohon ɓargo, sa'an nan a mayar masa. Talakan Kano ko na Ibadan bai kusa da wannan ba tukuna. Amma dai ɓera bai yi ƙarya ba a nan, domin yatsun da aka gwada a jikinsa su ne a jikinmu.

Kafin mu shiga gida na biyu, ga wani labari da ke nuna yadda kwatance ke yanke gardama. A 1987 David Page na Amurka ya ba da sanarwar cewa ya gano wata ƙwayar gado a kan kuromosom Y, watau ɗaurin gadon da maza kaɗai ke da shi, yana kuma ganin ita ce ke mai da ɗan tayi namiji. Furotin ɗinta yana da yatsun tutiya 13, aka sa mata suna ZFY. Magana ta yi kamar ta zauna. Sai a 1988 Andrew Sinclair, wani ɗalibi a ɗakin binciken Jennifer Graves a Ostareliya, ya nemi wannan ƙwaya a jikin dabbobin nan masu goyon 'ya'yansu a jakar ciki, dangin kangaru. Su ma kuromosom Y ne ke ba su namiji. Ya same ta, amma ba a kan Y take ba, tana kan ɗaurin gadon da maza da mata duka ke da shi. Abin da mace ma ke ɗauke da shi daidai da namiji ba zai zama shi ne mabuɗin mazantaka ba. Aka koma nema, a 1990 aka gano ta ainihin, SRY, wadda ko yatsan tutiya ɗaya ba ta da shi.

Yanzu sai gida na biyu, wanda ya fi yawa, ya kuma fi ban mamaki. Mutum yana da furotin masu buɗewa da rufe ƙwayoyin gado wajen 1,600. A cikinsu kimanin 700 masu irin waɗannan yatsu ne, babu dangin da ya kai su yawa. Wajen rabin waɗannan 700 suna ɗauke da wani ƙarin yanki a kansu da ake kira KRAB, wanda aikinsa shi ne ya kira wani furotin mai suna KAP1 ya zo ya danne wurin, ya garƙame shi. Yatsu su nemo wuri, KRAB ya kira mai kwaɗon ƙofa. Da yawansu suna jere ne kusa da juna a kan kuromosom na 19, kamar gidajen 'yan gida ɗaya a unguwa, alamar cewa sun samu ne ta hanyar kwafi: ƙwaya ɗaya ta zama biyu a bisa kuskuren kwafin DNA, ɗaya ta ci gaba da aikinta, ɗayar kuma yatsunta su sauya har ta kama wani sabon wuri. Ɓera ma yana da su ɗari-ɗari. Amma in ka ce za ka haɗa kowanne na mutum da takwaransa na ɓera, da yawa za su tsaya ba abokin tafiya, domin kowace zuriya ta yi nata kwafe-kwafen bayan sun rabu. Waɗansu namu ba a samun su sai a jikin birai. Ko waɗanda suke da takwara, sau da yawa duwatsun nan huɗu masu taɓa haruffa sun sauya.

Me ya kawo wannan gaggawa? Amsar ta fara ne daga gonar masara. Tun a shekarun 1940 Barbara McClintock ta lura cewa akwai waɗansu yankunan gado a masara da ke tsalle daga wuri zuwa wuri, aka daɗe ba a ba maganarta muhimmanci ba, sai a 1983 aka ba ta Nobel. Yau an san cewa kusan rabin kundin gadon mutum ragowar irin waɗannan 'yan tsalle ne, kuma kashi 8 cikin ɗari saura ne na ƙwayoyin cutar bairos da suka shiga kundin kakanni tun da daɗewa suka zauna. Mafi yawansu sun mutu, amma kaɗan suna da rai, suna kwafin kansu suna dasawa inda suka ga dama. In suka faɗa tsakiyar ƙwayar gado mai amfani sai su ɓata ta. A 1988 Haig Kazazian ya sami marasa lafiya biyu masu ciwon rashin daskarewar jini, waɗanda wani ɗan tsalle da ake kira L1 ne ya faɗa cikin ƙwayar da ke sa jini daskarewa. To, yatsun tutiya masu KRAB su ne 'yan gadi. A 2009 Daniel Wolf da Stephen Goff suka nuna wani na ɓera, ZFP809, yana gane wani bairos da ya shiga kundin ɓera ya sa a kulle shi.

Hujja mafi kyau ta fito ne a 2014 daga ɗakin binciken David Haussler a Kalifoniya. Sun yi amfani da ƙwayoyin ɓera da aka sa wa kuromosom na 11 na mutum. Sai 'yan tsallen mutum, waɗanda ke kwance shiru a jikinmu, suka farka, domin ɓera ba shi da masu gadinsu. Daga nan masanan suka riƙa saka furotin na mutum ɗaya bayan ɗaya don su ga wanne zai kwantar da su. Suka sami biyu. ZNF91 shi ke tsare wani ɗan tsalle mai suna SVA, kuma da aka kwatanta shi da na birai sai aka ga ya yi sauye-sauye, har da ƙarin yatsu, tsakanin shekara miliyan 8 zuwa 12 da suka wuce, abin da ya ba shi ikon kama SVA. ZNF93 kuma shi ke tsare L1, har zuwa wajen shekara miliyan 12 da rabi da suka wuce, sa'ad da wani reshe na L1 ya yar da yankin da ZNF93 ke kamawa, ya kuɓuce. Ɓarawo ya sauya hanya, mai gadi ya sauya makami, haka abin yake ta gudana. Tun da 'yan tsallen ɓera dabam suke da namu, dole masu gadinsu su bambanta.

Sai dai ba na goyon bayan masu mai da labarin duka yaƙi. A 2017 ɗakin binciken Didier Trono a Lozan ta Suwizalan ya duba kundin dabbobi masu ƙashin baya fiye da 200, ya kuma bi sawun furotin 222 na mutum don a ga inda kowanne ke sauka. An ga cewa wannan dangi ya faro ne fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, har akwai alamarsa a jikin silakant, kifin nan da ake zaton ya ƙare tun zamanin da, sai aka kama shi da rai a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938. An kuma ga cewa da yawa cikin furotin ɗin suna zaune ne a kan 'yan tsallen da suka daɗe da mutuwa, waɗanda ba sa iya motsi. Me ake gadi a kan gawa? Fassarar da Trono ya bayar, wadda ta fi kwanta mini, ita ce jiki ya mai da waɗannan tsofaffin baƙi 'yan gida. Suna ɗauke da maɓallan kunnawa, yatsun tutiya kuma su ne na kashewa, sai jiki ya yi amfani da su duka wajen sarrafa ƙwayoyin gadon da ke maƙwabtaka da su. In haka ne, bambancin da ke tsakanin dabba da dabba a wannan dangi yana cikin abin da ya sa kowace take sarrafa gadonta ta hanyarta. Tsuntsaye, waɗanda kundinsu ƙarami ne, 'yan tsallensu kuma kaɗan, su ma masu KRAB ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Can a wani ɓangare kuwa, dabbar tekun nan mai hannu takwas da ake kira oktofus, wadda ba ta da ƙashin baya, da aka karanta kundinta a 2015 an sami ƙwayoyin gado masu yatsun tutiya kusan 1,800, ta tara su ta hanyar kanta.

Akwai guda ɗaya da ya fi kowa gaggawar sauyi, sunansa PRDM9, kuma shi abokin gabansa shi ne kansa. Sa'ad da jiki ke yin maniyyi ko ƙwan mace, ɗaurin gadon da mutum ya samu daga uwa da wanda ya samu daga uba sukan haɗu su yi musayar yankuna, shi ya sa 'yan'uwa ciki ɗaya ba su zama iri ɗaya. Musayar ba a ko'ina take faruwa ba, tana da matattara. A 2010 ƙungiyoyin masana uku suka nuna cewa PRDM9 ne ke sa alama a inda za a yanka zaren. Matsalar ita ce, bayan an yanka, ana gyara wurin ne ta hanyar kwafo abin da ke jikin ɗaya ɗaurin. In ɗaya ɗaurin yana da ɗan bambanci da ya hana PRDM9 kama shi, to shi za a kwafa, wurin da aka yanka kuma ya rasa adireshinsa. A hankali PRDM9 yana share wuraren da yake sauka, kamar makiyayin da shanunsa suka cinye makiyaya, dole ya tashi. Duk sabon sauyin yatsa da ya buɗe masa sabuwar makiyaya sai ya sami karɓuwa. Saboda haka ko da yake kundin mutum da na birin cimfanzi sun yi kusa ƙwarai, matattarar musayarsu kusan duk dabam-dabam suke.

Wannan gaggawa tana iya raba zuriya. A Turai akwai ɓerayen gida iri biyu, na gabas da na yamma, iyakarsu ta ratsa tsakiyar nahiyar. In an haɗa waɗansu daga cikinsu, 'ya'yansu maza ba sa haihuwa, kamar dai yadda muka san alfadari, ko da yake shi nasa dalilin ya haɗa da bambancin yawan ɗaurin gado tsakanin doki da jaki. Jiri Forejt na birnin Firag ya fara bin wannan al'amari tun 1974, sai a 2009 ɗakin bincikensa ya tabbatar cewa PRDM9 ne. Kowane iri ya riga ya cinye wuraren saukar nasa PRDM9 a kundinsa, saboda haka a jikin ɗan gauraye kowanne sai ya koma yana sauka a kundin ɗayan, ɗaurin uwa da na uba su kasa haɗuwa daidai. A 2016 masana a Oksfod suka cire yatsun PRDM9 na ɓeran suka sa na mutum, waɗanda ba su taɓa kiwo a kundin ɓera ba, sai 'yan gaurayen suka sami haihuwa.

A nan ne kuma ya kamata a yi hattara da ɓera. A irin ɓerayen da aka fi gwaji da su, in an kashe PRDM9 ba a samun haihuwa. Wanda ya tsaya a nan zai ce duk mutumin da ba shi da shi bakarare ne. Amma karnuka da dangoginsu nasu ya lalace tun da daɗewa, tsuntsaye ma ba su da shi, ga su kuwa suna hayayyafa. Sa'an nan a 2016, cikin wani bincike da aka yi a kan mutum 3,222 'yan asalin Pakistan mazauna Biritaniya, aka sami wata mace da PRDM9 ɗinta na wajen uwa da na wajen uba duka ba sa aiki, tana da lafiya, ta kuma haihu. Da likita zai dogara da ɓera kaɗai ya yi wa irin wannan mata hukunci, da ya zalunce ta.

Bambancin bai tsaya tsakanin dabba da dabba ba, yana nan tsakanin mutane ma. Mafi yawan Turawa iri ɗaya na PRDM9 suke ɗauke da shi, wanda ake kira A. Mutanen Afirka sun fi kowa yawan ire-irensa, kuma akwai wanda ake kira C da ya yawaita a tsakanin 'yan asalin Afirka ta Yamma, wanda jerin yatsunsa ya bambanta, yake kuma kama waɗansu haruffa dabam. A 2011 aka yi nazarin Baƙaƙen Amurka wajen 30,000, aka gano matattarar musaya kimanin 2,500 da ke aiki a jikin masu jinin Afirka ta Yamma, alhali kusan a kwance suke a jikin Turawa. Taswirar waɗannan matattara tana cikin abin da masu bincike ke dogara da shi wajen gano inda ƙwayar gadon wata cuta take a cikin kundi. Mai neman asalin wata cuta a tsakanin mutanen Sakkwato ko na Damagaram, in ya ɗauki taswirar da aka zana daga jinin Turawa kaɗai, waɗannan wurare 2,500 ba za su fito masa ba.